Malam Ya Miƙe Wa Baƙo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hajiya Rabi daga Bani Harisa a Madina, kuma raina a ɓace yake.

Shekara huɗu ke nan maigidana yana karɓar tallafin naƙasa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙa'ida ta ce duk canjin da aka samu a sanar da ofis. Da ciwon ya ƙaru, har muka bar benenmu na unguwar Sultana saboda matakala, sai na sanar da su, don ni ina karanta takarda har ƙarshenta.

Suka turo ma'aikaci ya gani da idonsa. Jama'a, mutumin da sai na cicciɓe shi zuwa bayi, ya sa na saka masa farar jallabiya, ya dafa bango ya miƙe tsaye! Da hannu ɗaya ya zuba wa baƙo gahawa. Aka tambaye shi jiki, ya ce, "Alhamdulillahi, garau nake." Ma'aikacin ya rubuta an samu sauƙi. Bayan tafiyarsa, kwana uku Malam ko juyi bai iya ba. Tallafi kuwa an dakatar, har da gashin ƙashin da ake yi masa.

Na ce, "Malam, wa ka burge?"

Ya ce, "Hajiya, ni ba na tarbar baƙo a kwance."

Na kai kuka, za su dawo ranar Lahadi, na kasa zaune na kasa tsaye. Tun yanzu yana tambaya ko an goge jallabiyar. Na kai ta gidan maƙwabta na ɓoye, amma kunyar nan tasa ina zan kai ta?

Dattawa sa'anninsa, don Allah ku kira ku ce masa ya kwanta. Yana jin ku, rediyon na kan filonsa.