Jan Fenti Ya Tsaya a Bangon Maƙwabcina

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Baba Ɗanjuma ne daga unguwar Tandabawi, Makka.

Shekarar da ƙugiyar gini ta faɗo a Harami, majalisar gundumarmu ta kulle ƙofa, ta yi zama kan rusau. Sai aka bi layinmu da jan fenti, aka tsallake gidana. An bar ni ne, ko mantuwa ce? Na nemi a karanta mini abin da suka yanke, aka ce sirri ne. Lauyana ya kai ƙara, ana ta ɗagawa. Duk motar da ta tsaya, sai in leƙa ko masu rusau ne.

'Ya'yana na cewa, "Baba, mu koma unguwar Shisha." Amma a ɗakin nan aka yanke mini cibiya.

Masana shari'a, ku ba ni shawara. Gobe bayan asuba ina ƙofar kotu.