Katin Armaya'u

Bayan la'asar, hadari ya haɗo. Mannir na jiran motar Batsari a tashar Safana, wani dattijo a gefensa yana ta juya katin ɗan ƙasa.

"Baba, adana shi. An ce nan gaba in ka yi hatsari, da lambar nan likita zai san ciwonka."

"Na wana Armaya'u ne, ya rasu bara. Kamarmu ɗaya, shi ya sa nake amfani da shi."

"To ai maganinsa za su ba ka."

"Ba laifi, ɗana. Tunda na sa katin a aljihu, tarinsa ya dawo ƙirjina."

"Kai yaya sunanka, Baba?"

Dattijon ya daɗe yana tunani.

"Tayyib."

Mannir ya rubuta sunan a takarda, ya soka masa a aljihu.