Ya Ce Da Sauƙi, Jininsa Ya Ce A'a

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Sunana Rifkatu, malamar firamare ce ni, kuma yau zan faɗi abin da Ubangiji ya yi mini, ko da wasu ba za su ji daɗi ba.

Daga Zuru aka turo mu Bodinga, a ƙarshen mulkin farar hula, lokacin da madara da sabulu sai an bi layi. Maigidana, Baban Talatu, malamin gona ne, kullum yana fadamun Danchadi wajen masu albasa. Daga can ya kwaso mura. Muka ce ai mura ce. Sai zazzaɓi, sai tari, sai numfashi ya koma kamar na wanda ya hau dutse.

Kun san halin mazanmu. Duk wanda ya ce masa "Yaya jiki?" sai ya gyara zama ya ce "Da sauƙi." Dattawan ikilisiya suka zo, da sauƙi. Manoma suka zo, da sauƙi. Suna fita ya zube, leɓɓansa sun yi baƙi!

Na kai shi asibiti. Malamin asibitin ya yi masa tambayar nan, ya sami amsar nan, ya ba mu ƙwayar zazzaɓi. Na ce a gwada jininsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malama, mi kika so? Shi da bakinai ya ce da sauƙi. Maganin gwaji ya kusa ƙarewa, ba mu zubar da shi ga mura."

Na karɓi ƙwayar, domin haka aka yi mini tarbiyya: mace ba ta ƙaryata mijinta a gaban maza. Na koma gida ina tafasa. Wani dattijonmu ma ya ce rashin bangaskiya ke damuna. Ni da nake wanke majina mai jini!

Da hantsi na rufe ɗaki na durƙusa. Ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ubangiji, kana gani za a bar ni da marayu saboda gaisuwa? In kai ka ba ni bakin nan, buɗe shi!" Ina tashi, tsoron ya tafi.

Maƙwabcinmu Alhaji, Allah ya saka masa, ya mayar da mu asibitin a motarsa ta ɗaukar albasa. Aka sake tambaya. Kafin Baban Talatu ya buɗe baki na ce, "Ƙarya ne, ba sauƙi! Ba ya iya kwanciya, ba ya kai bakin ƙofa. Ba zan tashi ba sai an ɗebi jininsa." Na zauna a ƙasa, a bakin ɗakin gwajin.

Hayaniyar ta fito da likita. Ya saurari ƙirjin maigidana, ya sa aka ɗebi jinin. Da sakamako ya fito ya ce fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, sun hau fiye da kima, alamar murar ta buɗe wa ciwon huhu ƙofa. Nan take aka tura mu Sakkwato. A can suka ce da mun ƙara jinkiri, gawa za mu kawo.

Har yau ba wanda ya ce mini "Yi haƙuri." Abin da ya dawo kunnena shi ne wai na kunyata mijina a bainar jama'a. To, na kunyata shi! Baban Talatu, tashi su gan ka.

Ga shi nan tsaye da ƙafafunsa, haleluya! Na gode wa Yesu da ya ji kukan mace mai fushi. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ba ya kunyata mai kiransa. Ku kuma mata, idan numfashin mutum ya canza, ku yi addu'a, ku ɗauke shi, ku yi magana. Gara ya yi fushi da ku yana raye. Amin.