Tuwon da Aka Koya Mini ta Bayan Katanga

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata, da 'yan'uwana matasa da ke can baya suna jiran harshena ya sarƙe, salama a gare ku.

Ga wanda bai san ni ba, ko da yake yanzu ba mu da yawan da wani zai ɓace a cikinmu, sunana Iliya, ɗan Malam Bulus mai koyarwa a firamare ta hanyar Kabo. Na ga wasu iyaye mata sun riƙe baki da na taso, don an saba duk ranar da aka kira sunana a gaban ikilisiya, to wani abu ne ya fashe. Yau ban fasa komai ba. Shaida na zo bayarwa.

Kun san yadda bara ta kasance mana. Da aka fara maganar shari'a, tsoro ya shiga gidaje, kowa ya hau ɗaure kaya. Bencinan nan da a da sai ka yi faɗa kafin ka sami gefe, yau mutum zai iya miƙewa ya yi barci a kai. Baba ya sa Mama da ƙannena a mota zuwa ƙauyenmu wajen Zonkwa, ya ce su zauna can sai an ga yadda gari zai kasance. Ni ya riƙe ni a nan Gwarzo saboda ina ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita tana gabana.

Aka bar maza biyu da tukwane. Baba ya iya tafasa ruwa. Ni ko wannan sai an tsaya a kaina.

Sai muka koma 'yan tasha. Safe shayi da burodi, rana shinkafa da wake, yamma duk abin da mai abinci ta ga dama ta zuba mana. 'Yan'uwa, a nan Shaiɗan ya kama ni, kuma ta ciki ya kama ni! Na zama bawan Sabo mai shayi. In na ji ƙarar cokali cikin kofi yana kaɗa ƙwai, ƙafafuna da kansu suke juyawa, ko da littafi a hannuna. In Baba ya aike ni da kwano sayen abinci, naman ba ya isowa gida. Sai in ce mai abincin ce ta yi rowa. Baiwar Allah, ta sha zagi a gidanmu ba ta sani ba.

Ana haka albashi ya fara makara. Wata ya mutu, wani ya kama, shiru. Kananzir ya yi tsada, burodi ya ƙanƙance har kana iya rufe shi da tafin hannu. Wata rana da la'asar Baba ya kira ni, ya zaunar da ni. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Iliya, abin da ni da kai muke zubarwa a tasha, shi ya kamata mamarka da yara su ci a gida. Ba zan iya riƙe gida biyu a haka ba. In ba mu sami wata hanya ba, za ka bi su. Jarrabawa sai wata shekara."

Na san wannan "wata shekarar". Ɗan kawuna Luka ita aka ce ya jira. Yanzu 'ya'yansa ne ke zuwa makaranta.

Na ce, "Baba, ni zan riƙa dafa mana."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai?"

"Ni."

"Iliya, gidan haya ne. In ka ƙone shi ba ni da abin biya."

To, akwai buhun dawa a kusurwar ɗakinmu. Wani manomi daga Kara ne ya kawo wa Baba tun kaka, saboda Baba ya zauna da ɗansa bayan an tashi makaranta har yaron ya iya karatu. Tun da Mama ta tafi, kujera muka mai da buhun. A kansa nake zama in ci burodin saye. Ku duba wauta, jama'a: ina zaune a kan abinci ina kukan yunwa!

Washegari na ɗebi dawar nan yadda take, da dusarta da tsakuwarta, na kai inji. Mai injin ya ce, "Ba a surfa ba fa." Na ce masa haka muke ci a garinmu. Ban ma san me ake nufi da surfe ba. Na dawo, na hura wuta da kara, ruwa ya tafasa, na juye garin gaba ɗaya a ciki kamar mai kwaɓa siminti.

Abin da ya fito daga tukunyar nan ba tuwo ba ne. Ja ne wur, ga gudaji kamar ƙwan zabi, ga ɗaci. Na jefa wa kazar maƙwabta loma ɗaya, ta zagaya ta, ta dube ni, ta tafi abinta. Miyar kuwa ruwan zafi ne da gishiri da barkono, kukar tana yawo a sama ba ta san 'yan'uwanta ba.

Baba ya dawo, ya wanke hannu, ya yi addu'a, ya ci. Ina jin tsakuwa tana ƙara a haƙoransa. Haka ya daure har ya tashi. Daga baya ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma ka fara haɗa kayanka. Ranar Asabar akwai mota."

Nan dariyata ta ƙare.

Da ya fita, na koma bakin murhu. Ga tukunya ta kama, ga hayaƙi, ga littattafan da na yi shekaru ina ɗauka a kan tabarma. Na durƙusa a cikin toka na fashe da kuka. Ku da kuka san ni kun san ban iya magana a hankali ba, to addu'ar ma haka na yi ta. Na ce, "Yesu! Ban roƙe ka nama ba. Ban roƙe ka ƙwai ba, na ci rabona da na wasu. Tuwo kawai nake roƙo, wanda mutum zai haɗiye bai tuna da mutuwa ba. Mama ta yi nisa, Baba ya gaji, ni kuma ban iya komai ba. In ba ka taimake ni ba, na tafi ke nan!"

Sai na ji murya daga sama ta ce, "Amin. Amma ka fara jiƙa tukunyar nan, ƙaurinta ya ishe mu."

'Yan'uwa, saura kaɗan in suma! Na ce yau mala'ika ya sauko, kuma Bakano ne.

Ashe Inna Tasalla ce, matar Malam Sale maƙwabcinmu, da katangar ƙasa ɗaya ta raba tsakar gidanmu da nasu. Ina yaro nakan shiga gidanta in ci ɗanwake. Amma tun da muryata ta buɗe, ɗan gemun nan da ni kaɗai nake ganinsa ya fito, Malam Sale ya ce na girma, gidansa ba shiga. Ita kuma tana kulle, ba ta fitowa. Ga shi lokacin kowa yana ɗari-ɗari da kowa, ko gaisuwa a gajarce ake yinta.

Ta ce, "Ɗan Malam, me kake kashewa a gidan nan tun rana?"

Na ce, "Tuwo na yi, Inna."

"Laifin me ya yi maka?"

Na gaya mata komai, har maganar motar Asabar. Sai ta ce, "Bari Malam ya dawo daga masallaci in tambaye shi." Da Malam Sale ya dawo na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sai ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Katanga dai tana nan inda take. Magana kuwa ba a hana ta tsallakawa ba."

Ku yabi Ubangiji!

Haka makarantata ta biyu ta buɗe. Malama ba ta ganin ɗalibi, ɗalibi ba ya ganin malama. Da kunne take duba aikina. Na jawo turmin Mama na zuba dawa na fara kirɓa, sai ta ce, "Tsaya! Busasshiya nake jin ta. Yayyafa ruwa, surfe ake yi ba yaƙi ba." In na sassauta ta ce, "Taɓaryar ta yi barci ne?" Ta koya mini bakace da faifai, rabin dawar ta tafi wa kaji, kazar nan da ta raina ni ta dawo muka shirya. Ta ce in wanke, in shanya, sannan in kai inji. Ta koya mini tankaɗe, da yadda ake dama gari da ruwan sanyi a yi talge, a jefa 'yar kanwa, a bar shi ya dahu kafin a fara tuƙi.

Tuƙin ne ya gagare ni. Na kasa gane yadda ake juya muciya daga baki kawai. Sai na kife turmi a gindin katanga na hau, don in leƙa in ga yadda take yi. Ko kaina bai gama fitowa ba ta ce, "Sauka, ɗan nema! Kunne na ara maka, ban ara maka ido ba." Na diro har na ture tulu. To, ashe na fasa abu ɗaya, Baba Fasto, amma ba a coci ba ne.

Ba ta karɓi komai a hannuna ba sai dusa. In na gama surfe in miƙa mata ta saman katanga don awakinta, kwanon ya dawo da kuka, ko kuɓewa busasshiya, ko ɗan ƙullin daddawa. Ranar da na fara jin warin daddawa kusa da hancina na ce, "Inna, wannan ta lalace." Ta ce, "Kai ne ka lalace da kayan kanti. Daka ta da barkono ka zuba."

Daren Juma'a bai yi ba sai da na ajiye wa Baba tuwo fari, mai laushi, da miyar kuka da ta kama jikinta. Ya yi loma ɗaya, ya tsaya, ya leƙa ɗaki. Ya ce, "Mamarka ta dawo ne?" Motar Asabar ta tafi ba ni a ciki. Halleluya!

Daga nan muka bar tasha. Koko da safe daga gasarar da na tace da hannuna, tuwo da yamma, ɗumame washegari. Ɗan abin da Baba ya samu ya riƙa aika wa su Mama. Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, ba daɗi muke ji ba. Nama sai dai in gan shi yana tafiya da ƙafafunsa ranar kasuwa. In na wuce teburin Sabo nakan toshe kunne in ruga, yana kirana, "Iliya, ko gaisuwa babu?" Tafin hannuna ya yi kanta, har biro yana zame mini. Ina karatu ina tuƙi, littafin lissafina duk miya ce. Buhun kuma kullum ƙara durƙusawa yake yi, ni ina kallonsa, shi yana kallona.

Amma buhun nan bai ƙare ba sai da na fito daga ɗakin jarrabawa. Ranar Alhamis da ta wuce na rubuta takarda ta ƙarshe.

Na so a ce nan shaidata ta tsaya, mu tashi mu yi waƙa.

A ranar na dawo gida ina tsalle, na kakkaɓe gindin buhun, na yi tuwo. Sai ga Baba ya shigo tun kafin lokacin tashi. Ya zauna a tabarma bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "An rage malamai. Har da ni." Albashin da ake ta jira ma ba wanda ya ce masa ga ranar da zai zo.

Na ɗauko ruwa na zuba masa ya wanke hannu, na tura kwano gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ci, a hankali, kansa a sunkuye. Da ya cinye ya ce, "Akwai ƙari?" Na ce akwai. Na juye masa nawa, na ce na riga na ci.

Ina tsaye a bakin murhu na gane wani abu. Da a ce har yanzu 'yan tasha ne mu, da a ranar nan sai Baba ya ɗauki kwano ya ratsa gari, ya tsaya cikin mutanen da duk sun riga sun ji labari, ana yi masa jaje yana jiran a zuba masa wake. Yesu ya rufa masa wannan asirin. Ya ci abincinsa a cikin gidansa, ba wanda ya ga fuskarsa sai ni.

Jibi za mu tafi ƙauye wajen su Mama, ni da shi. Ban san wanda zai karɓo mini sakamako ba. Ko ya yi kyau, ban ga inda kuɗin ci gaba zai fito ba. Su Mama sun aiko cewa rumbu ya kusa zama fanko, ga kuma baki biyu muna tahowa. Na yi wa Inna Tasalla sallama ta katanga, ta ce Allah ya tsare hanya, kuma kada in je in yi wa uwata gori da tuwon da ta koya mini.

Don haka ban zo in ce muku komai ya gyaru ba. Bai gyaru ba. Abin da na roƙa a cikin toka shi aka ba ni, aka kai ni har ƙofar jarrabawa aka fito da ni, kuma a kan wannan ina cewa na gode, Yesu, na gode. Ku da kuka rage a bencinan nan, ku riƙe shi da hannu biyu, ku yi masa kuka da ƙarfi, kada ku ji kunyar maƙwabta su ji.

Roƙona ɗaya ne. Baba yana can benci na ƙarshe, kusa da ƙofa. In an tashi, kada kowa ya tambaye shi maganar aiki, ko me zai yi yanzu. Bai sani ba. Ku ba shi hannu kawai, ku kira shi Malam kamar yadda kuka saba.

Cikin sunan Yesu. Amin.