Masu Goge Lambar Jirgin Baba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ne Sabi'u direba, daga Nu'aija a Doha.

Kafil ɗina, wato maigidana, ya dawo hutu daga Turai ya nuna mini hotunansu cikin tsohon jirgin ƙasa mai cin kwal, yana hawa duwatsu. Ya ce sai an bi layi ake samun kujera. Kan jirgin sak irin wanda marigayi mahaifina ya tuƙa, wanda ke tsatsa a tashar garinmu.

Kwana uku tsakani ƙanena ya bugo waya, wai wasu baƙi sun zo duba namu, ana cewa za su saya su narka. Na ce, "Da injin yankan ƙarfe suka zo?" Ya ce, "A'a Yaya, da kyamara, har suna goge lambarsa da hankici."

Malama, mai narka ƙarfe ina ruwansa da lamba? Ni ban yarda da su ba. Masu sauraro, wa za mu kai wa kuka? Tsofaffin ma'aikatan reluwe, ina gaishe ku. Don Allah ku leƙa tasha, kada baɗi in ga jirgin Baba a hoton kafil.