Tikiti Ɗaya, Mata Tara

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ku ce Amin da ƙarfi, don abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne.

Kun san ni, Maman Rahila. Kun san bakina. Abin da na kira gaskiya shekara da shekaru, ashe zafin rai ne da girman kai. Sai da na yi furfura na shiga ajin manya a nan unguwarmu ta Small Heath na koyi karatu, tun daga nan ba mai gyara mini magana.

A Disambar bara zumuntar mata ta ce mu je kasuwar Kirsimeti a Manchester. Ba don fitilu kaɗai ba. Jikan Mama Saratu zai yi waƙa a can da mawaƙan makarantarsu, ita kuma bizarta ta kusa ƙarewa, za ta koma Jos ba ta taɓa jin muryarsa a gaban jama'a ba.

Na ce ni zan shirya tafiya. 'Yata Rahila ta ce, "Mama, kawo wayar in taya ki." Na ce, "Ke kika haife ni? Na iya karatu!"

Me na yi? Na yanki tikiti ɗaya a waya, nawa, wai na kama mana mota. Sauran su biya a bakin ƙofa kamar a tashar gida. Ban tambayi kowa ba.

Muka iso tasha mu tara har da Rahila, da ankonmu, da kular cincin. Mota cike! Direba ya ce tun makon jiya kujeru suka ƙare. Jama'a, na haura ciki na shimfiɗa gyale da jaka a kujerun mutane, na ce an kama. Na nuna wa direba yatsa. Sai da mai gadi ya sauko da ni, rigata ɗauke da sunan Yesu a ƙirji. Wayyo kunya!

Maman Bulus ta ce, "To, shugaba, a kan cincin za mu zauna?" Ba wadda ta yi dariya. Mama Saratu kuwa ta riƙe hular da ta saƙa wa yaron, tana kallon ƙasa.

Na juya ga bango na ce, "Ubangiji, na ɓata sunanka a tasha. Ka kama harshen nan." Sai na ji a zuciyata: tikitin da ke hannunki fa?

Na koma wurin direban da na zaga, na roƙi gafara. Na tambaye shi ko tsohuwa za ta iya zama a kujerata. Ya dube ni, sannan ya karɓi jakarta da kansa. Na miƙa wa Rahila waya na ce, "Taimake ni, kira uwar yaron ta tarye ta."

Da yamma aka aiko mana hoto, yaro na waƙa da hular kakarsa a kai.

Fushin nan yakan taso har yau, amma yanzu yana da linzami. Godiya ga Allah! 'Yan'uwa, ku miƙa masa harshenku, zai riƙe. Ya riƙe nawa, naku ne zai gagare shi?