Dokar Kyaftin Midhat

A tashar jirgin ƙasa ta Tanta, Ra'afat na jiran jirgin Alƙahira, sai ya ga tsohon da ke gefensa rungume da takalman tsere masu tayoyi a ƙasa.

"Baba, na jikanka ne?"

"Nawa ne. Gasa za ni."

"Kai ɗin?"

"Ni, Kyaftin Midhat. Da kulob ɗinmu aka kafa hukumar wasan nan. Amma doka ta ce kulob ɗin da bai kawo 'yan wasa gasar ƙasa ba, a soke shi."

"Wane mugu ya kawo wannan?"

"Ga shi a gabanka. Lokacin ina ji da kaina, don in kori malalata."

"To ina yaranku?"

"Sun koma ƙwallo. Saura ni da gwiwa ɗaya. Ba sai na ci ba, in dai tsaya a layi, a busa usur, in faɗi da mutuncina."

"Ai da sauƙi."

"Ina fa! Don tsabar iyayi, mutum biyu na rubuta a dokar. Ma'ajinmu kuwa da zai zama na biyu, matarsa ta kulle shi a gida."

Tsohon ya ƙura wa ƙafar Ra'afat ido.

"Ɗana, takalmi lamba nawa kake sawa?"